Tafiyata Lankasta, garin dogayen bindigogi

Daga Filadelfiya muka hau jirgin ƙasa ni da yayana da ke zaune can, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci sai ga mu a Lankasta cikin jihar Fensilbaniya. Gonaki ne ko ta ina, masara da shanu, ga 'yan Amish, wata ɗarikar Kiristoci manoma masu gudun kayan zamani, da kekunan dokinsu a gefen titi. Amma ni ba gona ta kawo ni ba, tun ina yaro nake son tsofaffin bindigogi, kuma nan ne mahaifar doguwar bindigar nan ta Amurka da wasu ke kira da sunan jihar Kentaki alhali asalinta Fensilbaniya ce.

Gidan tarihi na Landis Valley muka fara shiga. Kai jama'a, hoto bai nuna rabin kyan abin nan ba wallahi. Bututun kaɗai ya kan haura inci 40, siriri, katakon kuma na itacen mapul ne mai zane-zane, ga wani ɗan akwati na tagulla a gindinta inda ake ajiye ƙyalle mai maiƙo da ake naɗe harsashin dalma da shi. Maƙera Jamusawa da suka yi ƙaura zuwa yankin a farkon shekarun 1700 su suka fara ƙera ta, suka yanka layuka masu murɗewa a cikin bututun yadda harsashi zai fita yana juyawa ya tafi miƙe, shi yasa take kaiwa nesa kuma ba ta cin albarushi da yawa. Yadda ake ɗura ta ta baki a danna da sanda kamar dai na 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah, sai dai ita dutsen ƙanƙara ke bugun ƙarfe ya ba da tartsatsi wuta ta kama. Da irinta mayaƙan Daniel Morgan, wani kwamandan Amurka a yaƙin neman 'yancinta, suka addabi sojojin Ingila a fagen daga na Saratoga a 1777.

Wajen kuɗinta ne na fi daɗewa. Mun biya ta wani shagon kayan da, mai shagon dattijo ne mai haƙuri, na ce masa yallaɓai me yasa wannan mai ƙyalli ta fi waccan baƙar araha? Sai ya nuna min cewa mai ƙyallin an goge ta ne an sake mata fenti, kuma da zarar an goge an kashe mata daraja kenan. Masu tara su ba sabuwa suke nema ba, so suke su ga dattin shekaru ɗari biyu yana nan yadda yake, su ga sunan maƙerin a saman bututu, irin su Jacob Dickert na Lankasta ko J.P. Beck na garin Lebanon da ke nan Fensilbaniya. Sannan da yawa daga cikinsu wajen shekarun 1830 zuwa 1840 an cire musu ƙanƙara an mayar da su masu hular bugu, wato 'yar hular ƙarfe da ke tayar da wuta in an buge ta, daga baya kuma wasu suka sake mayar da su na ƙanƙara don su ja kuɗi, to wadda ba a taɓa taɓa ta ba ita ce ake rububi a kai. Marar suna ana iya samu a 'yan dubunnan daloli, mai sunan babban maƙeri kuwa a wurin gwanjo ta kan wuce dala 100,000.

Gaskiya na yarda da su ɗari bisa ɗari. Hannun maƙerin ne ya sassaƙa katakon, ya zana tagullar, in ka goge ka share sawun hannunsa, kuma ba mai dawo da shi.

A jirgin dawowa Yaya ya ba ni labarin bindigar da Christian Oerter ya ƙera a 1775, matashi ne da ya rasu a 1777 yana ɗan shekara kusan 30. An sace ta daga wurin baje kolinta a Valley Forge, wani wurin tarihi kusa da Filadelfiya, a 1971, shiru kusan shekara 50, sai da wani dillali ya saye ta cikin tarkacen kayan da aka yi gwanjo ya gane ta, aka miƙa wa hukuma, a 2019 aka kai ta gidan tarihin juyin juya halin Amurka da ke Filadelfiya. Washegari da safe can muka nufa.