Kumburin da ba ya ciwo a idon mai ciwon suga

Abu na farko da aikin ido ke koyarwa shi ne, mai ciwon suga ba ya zuwa da jan ido ko ƙaiƙayi. Dattijo zai taso daga Azare ko Dukku, ya ce: "Likita, hazo-hazo kawai nake gani, ko baƙaƙen Alƙur'ani sun fara gagara ta." Kafin nan an daɗe ana ɓarna a retina, shimfiɗar nan ta bayan ido.

Suga idan ya yi yawa, bangon ƙananan jijiyoyin jini kan fitar da wani furotin mai danƙo, ICAM-1. Fararen ƙwayoyin jini su manne a jikinsa, su toshe hanya, su ji wa bangon rauni. Wurin da jini bai isa ba sai ya shiga fitar da wani furotin, VEGF, mai sa jijiya yoyo da tsirar da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari. Ruwan ya taru a makula, tsakiyar gani, ta kumbura.

Shi ya sa ake farawa da allurar hana VEGF a cikin ido. Avastin, miligiram 1.25, wata-wata da farko. Inda ake yawan faɗuwa shi ne a yi ɗaya ko biyu, gani ya ɗan washe, kuɗin allura da na mota su ƙare, ruwa ya dawo.

Amma akwai wanda ya cika allurai, kumburin kuma bai sauka ba. Nan ne darasin yake: ba VEGF kaɗai ke ɓarnar ba, akwai sinadaran kumburi irin su IL-6 da TNF-alfa da 'yan'uwansu, kuma allurar ba ta taɓa su. Sitiroyid ne ke kwantar da su, kamar Ozurdex, deksametason miligiram 0.7 da ake sakawa a cikin ido, mai narkewa cikin watanni. Sai dai yana kawo yanar ido da hawan jinin ido, don haka dole a riƙa auna matsin ido, a lura idan awon ya haura 21. Ya fi dacewa da wanda aka riga aka cire wa yana. Maganin ɗigawa na sitiroyid da ake saya a kemis kuwa, ba ya isa bayan ido sosai, illarsa kawai ake kwasa.

Faricimab, wani maganin allurar ido wanda Amurka ta amince da shi a 2022, yana tare VEGF da anjiyopoyitin-2, wani furotin mai raunana jijiya, a lokaci guda, amma tsadarsa ba ta talaka ba ce. Fenofibrate, ƙwayar rage kitsen jini, bincike ya nuna tana rage saurin ci gaban cutar.

Wanda aka gano yana da ciwon suga nau'i na 2, a ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido a duba bayansa tun lokacin, sannan duk shekara. Mai juna biyu a duba ta tun watanni uku na farko, domin ciki kan tsananta cutar.