Abin da ke hana ni rufe littafi

Duk wanda ya karanta likitanci a ƙasar waje, ko Sudan ko Masar ko Indiya, ba shi da izinin duba majinyaci a Najeriya sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN. Ni a Khartum na yi nawa karatun, kuma Allah Ya sa na kammala kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Yanzu ina gida, a ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Jahun, ina shirin wannan jarrabawa.

Ba ƙaramar jarrabawa ba ce. A wadda aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Nuwamban 2023, fiye da rabin waɗanda suka zauna ba su haye ba. Akwai tambayoyin kwamfuta, akwai na hotuna, sannan akwai ɓangaren da za ka bi tasha-tasha ana kallonka kana tambayar majinyaci kana duba shi, agogo yana tafiya.

Karatu a ƙauye da wahalarsa. Wutar lantarki babu, waya sai an kai wa mai caji a bakin kasuwa, intanet kuwa sai dare ya raba take ɗan sakin jiki. Amma abin da ya fi yi mini nauyi shi ne bakin mutane. Kowa "likita" yake kirana. Gwaggo ta shigo da takardar magani ta ce, "'Yar nan, duba mini." In ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba a ba ni lasisi ba tukuna, mu je asibiti in raka ki." Sai ka ga jikinta ya yi sanyi, ni ma nawa haka.

Abin da ya riƙe ni shi ne na daina karanta cuta a matsayin babi. Kowace cuta akwai wanda na sani da ita. In na buɗe shafin jijjigar masu ciki, maƙwabciyarmu nake gani, wadda aka ɗauka a amalanke zuwa bakin titi da cikin fari, ƙafafu a kumbure. Shi ya sa allurar maganiziyam salfet ta zauna mini daram: giram 4 ta jijiya, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan a riƙa lura da numfashi da yawan fitsari da harbin da ƙafa ke yi in an ƙwanƙwasa gwiwa kafin a ƙara. Ba na hardace wannan don maki kawai. Asibitin Jahun cike yake da mata masu yoyon fitsari, yawancinsu doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kuma da yawa daga cikin matanmu sun fi sakewa su faɗi damuwarsu ga mace 'yar'uwarsu. Haka nake karanta tamowa, da sanƙarau, da sikila, ina tuna waɗanda na sani da su.

Bayan sallar Asuba nake karatu mai nauyi, kafin gida ya tashi. Da yamma ƙannena su zama majinyata, in yi musu tambayoyi da Hausa, in maimaita da Turanci yadda masu jarrabawa ke so. Muna da zaure a WhatsApp mu da abokan karatu, kowa ya kawo tambaya. Ranar da kaina ya toshe ba na tilasta masa. Nakan taya Inna sussukar gero, in yi barci da wuri.

In Allah Ya ba ni sa'a, saura aikin horo na wata 12 a asibiti kafin cikakken lasisi. Fatana a tura ni Dutse ko Birnin Kudu, inda Gwaggo za ta iya hawa mota ta same ni. Ku sa ni a addu'a.