Talata, da kukan Novotna

Tun asuba babu wuta. Na hura gawayi na ɗora ruwan shayi, ina zaune ina jira sai ga saƙon Auta. Ɗan bidiyo ne, ko kalma ɗaya ba ta rubuta ba sai fuskar nan mai dariya da hawaye. Wata baturiya cikin fararen kaya ta kifa kai a kafaɗar wata mata tana sharɓar kuka, fili ya cika maƙil. Kallo ɗaya na gane ta. Jana Novotna ce, 'yar ƙasar Cek, a wasan ƙarshe na gasar tanis ta Wimbledon a 1993, kafaɗar kuma ta Gimbiyar Kent ce, ta gidan sarautar Ingila. Kun dai san ni da tanis tun Baba na da rai.

Kasuwa. Tumatir ya sake tashi, mai kifi bai fito ba.

Da azahar Yaya ya biyo cin abinci, na kuskura na nuna masa. Ko hannu bai tsame daga kwano ba ya ce, "Au, wannan da ta ga samu ta ga rashi?" Gaskiyarsa ta wani ɓangaren. A zagaye na uku, na ƙarshe a wasan, tana gaban Steffi Graf da 4 da 1, saura maki ɗaya ta kai 5 da 1, sai hannu ya ƙi. Ta ɓarar da bugun farawa sau biyu a jere, daga nan komai ya wargaje, Graf ta kwashe wasanni biyar ɗin da suka biyo baya ta ɗauki faranti, kyautar zakarar gasar. Na ce to Yaya, 1998 fa? Ya ce me aka yi a 1998? Wallahi nan raina ya soma ɓaci. Mutum ya haddace ranar faɗuwarki har da lissafin maki, amma bai san kin tashi ba.

Na ajiye ludayi na karanto masa. Ta koma wasan ƙarshe a 1997, Martina Hingis mai shekara 16 ta doke ta. Ta sake dawowa a 1998, ta fitar da Venus Williams, ta rama a kan Hingis a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ta gama da Nathalie Tauziat ta Faransa. Tana da shekara 29 a lokacin, kuma gimbiyar nan da ta rarrashe ta, ta ce mata wata rana za ta ci, ita ce dai ta miƙa mata farantin. Ban da wannan, kofi 24 ta ci ita kaɗai, 76 a wasan 'yan bibbiyu, har ta riƙe lamba ɗaya a duniya a wannan fannin. Lambobin Olamfik uku. Ga salon wasanta da yanzu sai an tona kafin a samu, ta buga ta ruga gindin raga ta tare ƙwallo tun bai taɓa ƙasa ba. Mai tsoro ba ya wasa haka.

Yaya ya suɗe hannu ya ce, "Ke dai jirgi ɗaya ya kwaso ku. Ko kin manta musabaƙa?"

Dariya ya yi, ni ma na ɗan yi don kada ya gane. Shekara nawa yanzu? Ina aji biyar, na kai zagayen ƙarshe, saura aya uku na sauke, sai kaina ya ɗauke ɗif. Surar da ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta. Na tsaya ina kallon alƙalai, suna kallona, sai kuka. A jikin Inna na ƙarasa shi, a gaban kowa. Da shekara ta zagayo na koma na zo ta biyu, amma a gidanmu babu mai tuna wannan. Har gobe in an haɗu da Sallah sai wani ya kwaikwayi yadda leɓena ya riƙa rawa.

Bayan ya tafi na kasa wanke-wanke. Na zauna ina tunanin matar nan. Ta ajiye wasa a 1999, cutar daji ta ɗauke ta a Nuwamban 2017 tana da shekara 49. Kafin nan wata yarinya 'yar garinsu, Brno, ta je har ƙofar gidanta da wasiƙa tana neman shawara ko ta ci gaba da tanis ko ta haƙura. Ba ta kore ta ba, ta kama hannunta ta horar da ita. Yarinyar ita ce Barbora Krejcikova, wadda ta ci gasar Faransa a 2021, ta ci Wimbledon a 2024, aka rubuta sunanta a allo ɗaya da na malamarta. Ita ma da ta ga sunan kuka ta yi. Da na faɗa wa Yaya wannan da cewa zai yi gado ne.

An kawo wuta bayan isha'i. Na nemo bidiyon 1998, inda ta durƙusa a kan ciyawa bayan bugun ƙarshe, na tura wa Auta. Ta buɗe, na ga alamar ta gani. Har yanzu ba ta ce komai ba. Kwanukan rana na nan a bakin rijiya.