Leza a idon yayata

Yau na raka yayata aka mata aikin ido da leza, wallahi ban gama addu'a a zuciyata ba sai ga ta an fito da ita tana kallona tana murmushi. Ina zaune a bencin nan sai Donna Strickland ta faɗo min a rai. A 1985 tana ɗalibar digirin dakta a jami'ar Rochester a Amurka, ita da malaminta Gérard Mourou suka gano dabarar da za a miƙar da walƙiyar leza ta yi tsawo, a ƙara mata ƙarfi ba tare da ta ƙona na'urar ba, sannan a sake matse ta ta koma ƴar mitsitsiya mai kaifin gaske, kuma fa wannan ce takardar bincikenta ta farko da aka buga! Sai 2018 suka samu Nobel tare da Arthur Ashkin, ita ce mace ta uku a fannin fiziks bayan Marie Curie da Maria Goeppert Mayer.

Yaya ko sunanta ba ta taɓa ji ba. Ni dai yau har raina na gode wa matar nan, don ana amfani da dabarar nan tasu a aikin ido da leza.