Katamaran ɗina na farko da kuɗin da ban lissafa ba

Ku ƙannena masu kallon bidiyon mutane suna shawagi a teku da katamaran, jirgin ruwan nan mai jiki 2 a haɗe, kuna cewa nima wata rana, to ku tsaya in baku nawa labarin kafin ku taɓa asusunku. Ni dai lissafi ɗaya nayi, kuɗin sayen jirgin, na ɗauka da na biya shikenan, ashe nan ne farkon kashe kuɗi.

Nawa mai tsawon ƙafa 40 ne, wajen mita 12, na hannu, tsohon jirgin haya da ya gama wahala a Bahar Rum. Ɗaki 4 banɗaki 4, ni kuma daga ni sai iyalina, sati 5 ko 6 muke samu a shekara mu hau. Me zanyi da banɗaki 4? Kowanne da famfonsa da bututunsa, kowanne kuma yana da ranar da zai toshe. Irin waɗanda ake ƙerawa don amfanin mai jirgi da kansa, ba don haya ba, ɗaki 3 ne, sun fi tsada amma wallahi da shi na nema. Dillali yace min ai na haya kullum ana masa sabis, eh gaskiya ne, amma bai ce min mutane nawa ne suka koyi tuƙi a kansa ba.

Babban kuskurena shine dubawa. Na kawo mai duba jirgi amma don tsumulmula na hana a ɗaga shi daga ruwa, nace ai gashi yana iyo lafiya. Bayan wata 8 da aka ɗaga don fenti sai ga ƙuraje a ƙasan jikinsa inda ruwa ya shiga cikin fayiba, ga robar da ke tare ruwa a ƙafar inji ta wuce lokacinta, wadda Volvo Penta masu ƙera injin da kansu suka ce a canza duk shekara 7, kuma fa inji 2 ne don haka roba 2. Wannan shine abinda ba'a gaya muku, katamaran jiki 2 gare shi, komai bibbiyu ne, inji 2, farfela 2, allon juya akalar jirgi 2 a ƙarƙashin ruwa, canjin mai sau 2, makanike ma kuɗin aiki 2 zai caje ka yana murmushi. Sai wayoyin ƙarfen da suka riƙe jigon tsakiya, wato doguwar sandar da ake ɗaura wa ƙyallen da iska ke turawa, masu inshora basa son su haura shekara 10, nawa sun haura, suka ce ko in canza ko in nemi wani kamfanin.

Sai wurin ajiya, marina suke ce masa, ba ta masu rini ba. Faɗin jirgina ya kusa mita 7, wato gurbin jirgi ɗaya da rabi yake ci, wani wurin ma na 2 zasu caje ka, kuma ba kowace tasha ce ke da kuren mai faɗin da zai ɗaga shi ba. Na saya kafin in nemi gurbi, na kwashe makonni ina buga waya ana ce min a cike yake. Ku fara samun wurin ajiya a rubuce kafin ku sa hannu a takardar saye. Kuma in a Turai ne ku ga shaidar biyan harajin VAT da idonku, in a Karibiyan ne ku sani lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba kuma inshora na da sharaɗin inda jirgi zai zauna a watannin nan.

Amma abinda ya fi min ciwo, jirgi a ajiye ya fi jirgi mai tafiya lalacewa. Wata 10 baka nan, batir ya mutu, fumfuna ta cinye katifu, dizal yayi dauɗa a tanki ya toshe filta, ƙwarin ruwa sun manne a ƙasa, sai kazo hutun sati 2 ka kashe kwana 5 kana kwance a ramin inji da sufana a hannu yara na tambayar yaushe za'a tashi. Tsofaffin hannu suna cewa ka ware kamar kashi 10 cikin 100 na darajar jirgi duk shekara don kula da shi, na ɗauka tsoratarwa ce, shekarar farko na wuce haka. Ga shi na loda masa janareto da firji na biyu da kaya kamar mai ƙaura, shi kuma katamaran baya son nauyi, yana nutsawa kaɗan sai igiyar ruwa ta dinga dukan ƙasan falon tsakiya kamar ana buga ganga, barci ma gagara yake.

Ranar da na zauna na raba duk abinda na kashe a shekara da kwanakin da na kwana a ciki, sai naga da haya nake yi duk hutu da na hau sabon katamaran ƙirar Lagoon ko Leopard ko Fountaine Pajot, in gama in miƙa makulli in tafi abina. Don haka ku fara da haya sau 2 ko 3, iri daban daban, ku ƙirga kwanakin da aiki zai barku da gaske ba waɗanda kuke fata ba. Nawa yana nan ban sayar ba, ina sonsa duk da haka, jiya ma mai kula min da shi ya turo hoton famfon fitar da ruwa na ɓangaren hagu wai ya daina aiki.