Kafin ka sa wa ƙaramar motarka coilover a Jidda

Ɗan'uwa, coilover shokozoba ne mai sifirin naɗe a jikinsa, da shi ake ɗaga mota ko a sauke ta. Fara duba ƙarfin sifirin. Ga mota irin Yaris ko Accent, kilo 4 zuwa 6 a kowace milimita ya isa a gaba, baya kuma ƙasa da haka. Mai kilo 10 na filin tsere ne, a titi sai ya jijjiga maka ƙugu.

Zafin nan yana tsinka man shokozoba, shi ya sa monotube, wato shokozoba mai bututu ɗaya, ya fi, don yana saurin huce zafi. Kan sama kuwa, inda shokozoba ke haɗuwa da jikin mota, ɗauki mai roba. Pillowball, wato mai ƙwallon ƙarfe, ƙura ke cinye shi, ya fara ƙara.

Kada ka sauke motar fiye da milimita 30, tudun rage gudu ba ya ragawa. Shafa giris a zaren da ke jikin coilover ɗin, inda ake murza noti, iskar teku na sa shi tsatsa ya cije. Bayan ɗaurawa a yi alaimen.