Daren da na kwance wa yaron nan POP

Wata biyu kenan amma wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba da kowa nake ba, da kaina nake. Lokacin hunturu ne, ku da kuke aiki a ɗakin masu ƙuna kun san yadda gadaje ke cika in aka fara shiga da kaskon wuta ɗaki. Yaron shekararsa 6, wandonsa ne ya kama, wutar ta cinye masa bayan gwiwa gaba ɗaya, wurin ya yi fari ya yi tauri kamar ƙirgi, ki taɓa ko gezau ba ya yi don jijiyoyin jin zafin ma sun ƙone. Irin wannan ba ya rufewa da kansa, in aka bar shi ƙafar ce za ta ƙage a lanƙwashe, dole sai dashen fata.

Tiyata kam lafiya lau, an yanko fata siririya a cinyarsa da wuƙar Humby, aka huhhuda ta kamar raga don jini ya samu hanyar fita, aka shimfiɗa aka ɗaure aka sa POP, filastan nan mai tauri da ke hana ƙafa motsi. Babban likita da bakinsa ya ce kar wanda ya taɓa sai kwana 5.

Dare na biyu ni ke aiki. Tun bayan isha'i yaro yake kuka, wajen ƙarfe 2 uwar ta zo ta riƙe min hannu tana hawaye, "Sista don Allah don Annabi ki sassauta masa abin nan ko na minti goma ne." Na duba yatsun ƙafar, da ɗuminsu, ba kumburi, wato ba ɗaurin ne ya matse shi ba, cinyar da aka yanko fatar ce ke masa raɗaɗi, ita dama ta fi dashen zafi nesa ba kusa ba. Toh maimakon in taso likita a ƙara masa maganin zafi sai na kwance. Ya naɗe ƙafarsa ya yi barci, ni har ina jin daɗi wai na yi taimako, da asuba na mayar.

Abin da ya fi cin raina, na sani fa. Na san kwana biyun farko fatar nan ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, ruwan jikin wurin kawai take tsotsa, sai daga baya ƙananan jijiyoyi su fara kamawa, ta ɗan goce kaɗan sun tsinke shikenan. Ranar da aka buɗe, rabin fatar ya tattare gefe guda ya yi baƙi. Likita ko faɗa bai yi ba, ya ce wa ya taɓa, na ce ni ce.

Sai da aka koma wankin ciwo har wurin ya sake yin ja sannan aka yanko a ɗaya cinyar, uban ya sayar da tumakinsa biyu ya biya tiyata karo na biyu. Wata abokiyar aikina ta ce da muna da Integra, fatar wucin gadin nan da ake yi da sinadarin jikin saniya a rufe samanta da silikon, a bar ta kamar sati 3 sannan a ɗora fata, ai da sauƙi. Ina kuɗin? Kuma ita ma a motsa ta gocewa za ta yi.

Yanzu duk wanda aka yi wa dashe tun la'asar nake zaunar da mai jinyarsa in ce Mama yau zai yi kuka, cinyar ce, kuma ba zan kwance ba ko za ki yi fushi da ni, maganin zafin kuma ba na jira sai ya fara ihu. Yaron ya zo ganin likita satin da ya wuce, da ƙafarsa ya shigo, uwar har da kawo min gyaɗa, da ya cire wando a duba na kasa kallon cinyar hagun.